Likita ya ce a haɗa wa Baba da Avastin, Yaya ya ce a sayar da fili

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara na zo nema wurin masu sani. An yi wa Babanmu aikin babban hanji mako biyu da suka wuce, kansa ce, kuma hoto ya nuna ta taɓa hanta. Likita ya ce za a fara kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin kansa, in muna da hali a haɗa da wani maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, Avastin. Amma ya ce ba yanzu ba, sai wurin aikin ya warke. Da muka ji kuɗin sai kowa ya yi tsit. Babban yayanmu ya ce a sayar da filin Baba na hanyar Ejisu, kusa da Kumasi, Inna ta ce ba da yawunta ba. Don Allah wanda ya san maganin nan ya faɗa mini gaskiya: warkarwa yake yi? Kuma in yana da amfani, me ya sa ake jan lokaci alhali ciwon ba jira yake ba?

Dan_Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Magajiya_Kande:
Amin. Sannu 'yata. Ku bi a hankali da zancen filin nan, fili ba ya dawowa.

Nas_Hajara:
Ummu Sadiya sannu da jinya. Bari in fara da tambayarki ta biyu don ita ce mai sauƙi. Jiran da likita ya ce a yi daidai ne. Maganin nan yana hana jiki fitar da sababbin jijiyoyin jini, rauni kuwa da sababbin jijiyoyi yake haɗewa. Ƙa'idar da masu maganin suka rubuta ita ce kada a ba da shi sai bayan kwana 28 da aiki, kuma sai wurin ya rufe sarai. Hanjin da aka ɗinka in ya buɗe a ciki, wannan ya fi kansar gaggawar kisa. Haka in za a sake wani aikin nan gaba, kwana 28 kafin ranar ake tsayar da shi, don yana daɗewa a jini. Sai kusan kwana 20 kafin rabinsa ya bar jiki.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Allah ya saka, Anti Hajara. Wallahi na zaci don ba mu biya ba ne ake ja mana rai.

Mai_Famasi_Tafo:
Ni kuma in ɗauki ta farkon. A'a, ba ya warkarwa, kuma ba ya kashe kansar kai tsaye yadda kemo yake yi. Sunansa na asali bevacizumab, Avastin sunan kasuwa ne na kamfanin Roche.

Ga yadda abin yake. Ƙari ba ya iya wuce milimita ɗaya zuwa biyu in ba shi da jininsa na kansa. Da ya ji yunwa sai ya saki wani sinadari mai suna VEGF, shi kuma ya je ya taso jijiyoyin da ke kusa su yi rassa zuwa wurinsa. Kamar sabuwar unguwa ce da ta tsiro a bayan gari, muddin ba a ja mata famfo ba, ba ta cika. Maganin yana kama wannan VEGF ɗin ne a cikin jini ya riƙe shi, saƙon bai isa ba. Wani likita a Boston, Judah Folkman, shi ya kawo wannan tunanin a 1971, aka daɗe ana yi masa kallon mai mafarki. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware sinadarin a kamfanin Genentech, a 2004 Amurka ta amince da maganin, kuma kansar hanji da ta bazu aka fara ba shi izini a kai. Wato irin ta Baba.

Saboda haka ba shi kaɗai ake bayarwa ba a irin wannan ciwon. Kemo ne babba, shi ƙari ne a kai.

Boga_Hamburg:
Malam Mai Famasi ka faɗa musu lissafin mana. Gwajin da aka dogara da shi a 2004, mutum 813. Waɗanda aka ba kemo kaɗai, tsawon ransu wata 15.6. Waɗanda aka haɗa musu, wata 20.3. Bai kai wata biyar ba. Fili sukutum a kan wata biyar? Ko Ingila da kuɗinta, a 2010 hukumar da ke tantance magungunan gwamnati ta ce ba za ta saya wa masu kansar hanji ba, tsadarsa ta fi amfaninsa.

Hajiya_Alabar:
Kai Boga ka ji tsoron Allah. Yarinya na cikin damuwa kana ƙirga wa ubanta watanni. Kai ka san ranarka?

Boga_Hamburg:
Hajiya ki yi haƙuri, ba ni na ƙirga ba. Ita ta ce a faɗa mata gaskiya.

Mai_Famasi_Tafo:
Hajiya, alƙaluman nasa daidai ne, karatunsu ne ke son gyara. Wannan 20.3 ba wa'adi ba ne. Ma'anarsa rabin mutanen sun wuce wannan lokacin, rabi ba su kai ba. Akwai wanda ya yi shekaru, akwai wanda maganin bai yi masa komai ba, kuma har yau ba a da gwajin jini da zai nuna tun farko wane ne zai amfana. Sannan in ƙara wa Boga ƙarfi ta wani gefen: kemon da aka yi wancan gwajin da shi tsohon haɗi ne. Da aka sake gwadawa da haɗin da ke da oxaliplatin, irin wanda aka fi bayarwa yanzu, ciwon ya daɗe bai motsa ba da wata 9.4 maimakon 8, amma tsawon ran bai bambanta sosai ba. To Ummu Sadiya ki tambayi likita wane haɗin kemo zai ba Baba, da abin da yake fatan Avastin ya ƙara a kai. In burinsa ƙarin hantar ya motse har a iya yanke shi, wannan magana ce daban da ta rage wa ciwo gudu kawai.

Sani_Akwatialine:
Ni dai mahaifiyata ta sha shi, tata ta bakin mahaifa ce. Duk mako uku muke zuwa. Ranar farko awa ɗaya da rabi ruwan ya ɗauka, nas tana zaune kusa tana dubawa. Na biyu awa ɗaya, daga nan rabin awa. Ruwa ne fari tas a 'yar leda, in ka gan shi ba ka ce kuɗin mota ne ke ɗiga ba. Kafin a sa mata sai an auna hawan jini, a ba ta 'yar roba ta kawo fitsari, a tsoma wani ɗan tsinke a duba launinsa. Ranar da tsinken ya yi kore sosai aka ce mu koma gida, ba a sawa yau. Na yi fushi a ranar don na bar aiki na biya mota, daga baya aka yi mini bayani ƙoda ce ke zubar da furotin.

Mun sayar da motar haya ɗaya. Ta ga auren ƙanwata, ta ga jika. Allah ya yi mata rasuwa bara. In ka tambaye ni, ban yi nadama ba. In ka tambayi ƙanena da motar ke hannunsa, amsarsa daban.

Magajiya_Kande:
Allah ya jiƙanta, Sani. Ka yi abin da ɗa yake yi.

Dan_Asawase:
Allah ya gafarta mata. Amma Sani ba inshora ta ɗauki kansar mahaifa ba? Na ji ana cewa ta nono da ta bakin mahaifa suna cikin NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Gana.

Sani_Akwatialine:
Katin ya taimaka a wasu abubuwa, ba zan ɓoye ba. Wannan maganin dai mu da kuɗinmu muka saya.

Nas_Hajara:
Tunda Sani ya kawo ta mahaifa, mata ku ji wannan. A 2014 aka amince da shi a kan kansar bakin mahaifa, gwajin ya nuna tsawon rai wata 17 maimakon 13.3. Sai dai matar da aka riga aka gasa wa ƙugu da na'ura tana cikin haɗarin ɓulewa tsakanin farji da hanji ko mafitsara, irin yoyon nan da muka sani. A tambaya kafin a fara. Mai ciki kuma ba ta sha, kuma ba a ɗaukar ciki sai wata shida bayan an daina.

Alhaji_Dubai_Kejetia:
'Yata kar ku sayar da komai tukuna. Ina da yaro a Indiya, wata mai zuwa zai dawo. Can maganin nan araha ne. Ki turo mini hoton kwalin in sa ya saka a jaka.

Mai_Famasi_Tafo:
Alhaji niyyarka mai kyau ce, amma a jaka kam a'a. Wannan ba ƙwaya ba ce. A firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ya daskare, ba a girgiza shi. In ya kwana cikin kaya a filin jirgi ya sha zafi, ido ba zai gane ya lalace ba. Ga kuma jabu. A 2012 an kama Avastin na jabu a asibitocin Amurka, kwalbar ba ta da ko ɗigon maganin a ciki. In ya shiga can, kasuwar Kejetia ta Kumasi fa?

Hanyar rage kuɗi ta halal tana nan. Yanzu ba Roche kaɗai ke yi ba. Akwai Mvasi na Amgen tun 2017, akwai Zirabev na Pfizer tun 2019, akwai na kamfanonin Indiya. An gwada su aikinsu ɗaya, kuɗinsu ya fi sauƙi. A tambayi famasin asibitin wane suke da shi, a duba yana da rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, a riƙe rasit da lambar kwalin.

Alhaji_Dubai_Kejetia:
To ai a kula za a sa da ƙanƙara.

Mai_Famasi_Tafo:
Ƙanƙarar in ta taɓa kwalbar ta daskare, an yi asara. Kuma asibiti da yawa ba za su yarda su sa wa majinyaci abin da ba su san inda ya kwana ba. Ko nan cikin gari, wanda ya saya ya kai gida ya ajiye, dumso, wato ɗaukewar wuta, ta zo ta kwana biyu, shi ke nan. Ku saya ranar da za a sa, ko ku bar shi a firjin asibiti.

Rabi_Sawaba:
Ku tsaya. Avastin ɗin nan ba shi ake yi wa Babana allura a ido ba? Ciwon suga ya taɓa masa ido, duk wata muke zuwa, kuma kuɗin bai kai yadda kuke faɗa ba. Ko dai ana cutar su Ummu Sadiya ne?

Nas_Hajara:
Shi ne, Rabi, ba a cuce su ba. A ido ma jijiyoyi ne ke tsirowa inda bai kamata ba. Amma miligiram 1.25 ake sawa a ido, kwalba ɗaya sai ta ishi mutane da yawa. Na kansa da nauyin jiki ake lissafi. A ta hanji yawanci miligiram 5 ne kan kowane kilo duk mako biyu, ko 7.5 duk mako uku. A ce Baba kilo 70 ne, 350 ke nan kowane zuwa. Kwalbar kuwa iri biyu ce, mai 100 da mai 400. Irin na mahaifiyar Sani 15 ne kan kilo, mai kilo 60 sai ta sha 900 a zama ɗaya. Shi ya sa mota ta tafi.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Baba ya rame, kilo 58 aka auna shi. Anti Hajara, sau nawa ake yi gaba ɗaya? Yaya yana lissafin sau shida ne.

Nas_Hajara:
Nan ne mutane ke faɗawa rami. Sau da yawa ba a yanka masa adadi, ana ci gaba ne muddin yana aiki kuma jiki na ɗauka. Ku sa likita ya faɗa muku ƙarara: zuwa nawa yake nufi, yaushe za a sake hoto a ga ko ya yi amfani, kuma in kuɗi ya yanke a tsakiya me zai biyo baya. Kuɗin hoton da gwaje-gwajen ma ku sa a lissafi, Yaya bai sa su ba na tabbata.

Malam_Zango:
Bismillah. Abu biyu. Na farko, filin na Baba ne, yana raye, yana cikin hankalinsa. Ba gado ba ne tukuna. Ban ga wanda ya ce an tambaye shi ba. Na biyu, neman magani umarni ne, amma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yi kemo ya bar wannan don rashin hali bai yi sakaci da mahaifinsa ba, kada wani ya ɗora wa kansa laifi.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Malam, gaskiya ba mu gaya masa ta kai hanta ba. Yaya ya hana. Ya ce zuciyarsa za ta karye.

Malam_Zango:
Za ku sayar da filin mutum ku ce masa don me?

Hajiya_Alabar:
Malam ai ba kowane tsoho ake gaya wa ba. Mijina da aka faɗa masa, daga ranar ya daina cin abinci. Su suka san ubansu.

Boga_Hamburg:
A nan Jamus majinyaci ake fara gaya wa, shi zai zaɓi wanda za a sanar a dangi. Mu kuwa kowa a Zango ya sani sai mai ciwon.

Hajiya_Alabar:
Nan ba Jamus ba ne.

Wanzam_Sabonzango:
Ni tawa daban ce. Tsofaffinmu da an ce ciwo sai su ce a kira wanzami a yi ƙaho a cire mataccen jini. In an kira ni wurin mai shan wannan maganin, in yi ko in bari?

Nas_Hajara:
Ka bari, Sarkin Aska, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Jini ne babbar matsalarsa. Haɓo yana yawa, dasashi na zubar da jini, tsaga kuma ba ta warkewa da wuri. Ko haƙori ba a cirewa sai likitan kansar ya sani. Haka masu sayen maganin ciwon jiki a bakin tasha, asfirin da diklofenak, su daina sai da izini.

Ummu Sadiya rubuta waɗannan ki manna a bango in har kun fara. Ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, musamman da zazzaɓi ko amai, a tafi asibiti a daren, kar a jira asuba, don maganin yana iya huda hanji. Ba kowa ba, bai fi mutum biyu ko uku cikin ɗari ba, amma in ya faru minti ma tsada ne. Baƙin bayan gida, tari da jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa ɗaya, karkacewar baki, duk haka. Ku sayi na'urar awon hawan jini ta gida. Ko wanda bai taɓa hawan jini ba wannan maganin yana iya tayar masa.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Baba dama yana da hawan jini, shekara da shekaru. Kuma ya taɓa samun ɗan shanyewar hannu ya warware.

Mai_Famasi_Tafo:
To wannan ya fi zancen fili muhimmanci. Likitan kansar ya san da shanyewar? Maganin yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa da ta zuciya, ya fi yawa ga wanda ya haura 65 da wanda ya taɓa yi. Wataƙila in ya ji wannan shi da kansa ya janye. Ku kai masa duk magungunan da Baba yake sha a leda, har na gargajiya.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Ban tabbata an faɗa masa ba, Yaya ne ya shiga ofis ɗin. Zan tambaya yau.

Mai_Ganye_Asali:
Duk wannan wahala da ganye a daji. Ina da haɗi na kwana arba'in, ko ta kai hanta. A neme ni ta akwati.

Admin_Garba:
Mai Ganye, mun hana talla a zauren nan. Gargaɗi na ƙarshe.

Sani_Akwatialine:
Irin su ne suka cinye mana wata huɗu kafin mu kai Mama asibiti. Wani ya karɓi kuɗi ya ba mu jarka biyu, ta yi ta gudawa har ta kasa tashi.

Dan_Asawase:
A koma kan kuɗi. Ba wanda ya ambaci asusun nan na MahamaCares da aka buɗe a 2025 don masu kansa da ƙoda. Ku je ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ku tambaya. Sannan masallacin unguwa, da 'yan'uwa na waje. In kowa ya turo kuɗi ta waya, ta MoMo, wata-wata ya fi a sayar da fili a rana ɗaya, masu saye in sun ji jinya ce sai su karya farashi.

Magajiya_Kande:
Wannan gaskiya ne. Da sun ji asibiti, rabin kuɗi za su taya. Kuma Inna da ta ƙi, ku saurare ta. Ita ce za ta zauna da ƙananan yara.

Boga_Hamburg:
Har yanzu ina kan bakana. Kemo ne mai aikin, Mai Famasi ma ya faɗa. A tabbatar da kuɗin kemo har ƙarshe, da abinci mai kyau, da maganin zafi. In an fara biyun kuɗi ya ƙare a wata na uku, an rasa duka. Amurka ma a 2011 ta janye izininsa a kan kansar nono, ta ce amfanin bai kai illar ba.

Mai_Famasi_Tafo:
Ta nono ce aka janye, Boga, ta hanji tana nan daram, kar ka haɗa su. Amma maganarka ta tsara kuɗi na yarda da ita. Wani abu kuma, Ummu Sadiya: ki tambaya ko an yi wa naman da aka yanke gwajin RAS, na ƙwayoyin halittar ƙarin. Sakamakonsa yana nuna ko wani maganin daban, irin cetuximab, zai iya yi masa aiki. Shi ma ba araha ba ne, amma gara ku ga duk ƙofofin kafin ku zaɓa.

Sani_Akwatialine:
Boga kana magana kamar wata huɗu ba komai ba ne. Ranar da aka ɗaura auren ƙanwata, Mama ce ta zauna a tsakar gida tana karɓar gaisuwa.

Boga_Hamburg:
Ban raina ba, ɗan'uwa. Amma ba ka da tabbacin maganin ne ya kai ta ranar, ba kemon ba.

Sani_Akwatialine:
Kai ma ba ka da tabbacin ba shi ba ne.

Ummu_Sadiya_Aboabo:
Na kira Yaya. Bai faɗa wa likita zancen shanyewar ba, ya ce ai ta wuce tun tuni. Ranar Talata za mu koma a cire zare, ni zan shiga da kaina da ledar magungunan. Zancen gaya wa Baba kuma mun yi faɗa a waya, ya kashe. Kawu zai zo bayan Juma'a a zauna. Anti Hajara, in likita ya ce duk da haka a yi, akwai laifi mu nemi ra'ayin wani likitan a asibitin Korle Bu na Accra?

Nas_Hajara:
Ba laifi ko kaɗan, haƙƙinku ne. Ki nemi kwafin sakamakon naman da faifan hoton, da takardar da ke nuna irin aikin da aka yi. Ba sai kin ɗauki Baba zuwa Accra da ɗanyen ɗinki ba, ki fara kai takardun. Amma kar neman ra'ayin ya jinkirta fara kemo.

Alhaji_Dubai_Kejetia:
In Accra za ki, motata na tafiya ranar Laraba da asuba ɗauko kaya. Akwai wuri a gaba.

Magajiya_Kande:
Filin dai kar a taɓa kafin Kawu ya zo. Kuma wane Kawun ne, na wajen Inna ko na wajen Baba? Don ba ɗaya ba ne.